MATSAYIN MASU JINYAR GIDA CIKIN TARIHIN KIWON LAFIYA A AMURKA

GABATARWA

In ana maganar tarihin kiwon lafiya, galibi abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne likitoci da manyan asibitoci da magungunan da aka gano. Ba kasafai akan tuna da matar da ke shiga gidan tsoho da sassafe ta tashe shi daga gado, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, sa'an nan ta tuna masa da shan magani ba. Wannan lacca ta shafi irin waɗannan ma'aikata ne, watau masu jinyar gida, waɗanda ake biya domin su kula da tsofaffi da naƙasassu da masu doguwar rashin lafiya a cikin gidajensu. An ɗauki ƙasar Amurka misali saboda a can ne wannan aiki ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin sana'o'in da suka fi yawan ma'aikata, kuma a can ne aka daɗe ana jayayya a majalisa da kotu a kan ko ya cancanci a kira shi sana'a. Za a duba asalinsa, da yadda hukuma ta shigo cikinsa, da dalilin da ya sa ladansa ya kasa kamo nauyinsa.

MA'ANAR DOGUWAR JINYA

Akwai cutar da ake kwantar da mutum a asibiti ya warke ko ya cika cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma lalurar da ba ta kashewa da wuri, ba ta kuma warkewa, kamar shanyewar ɓarin jiki da gigin tsufa da karayar ƙugu ga wanda ya manyanta. Mai irin wannan lalura yakan shekara biyar ko goma yana bukatar hannun wani kowace rana. Cikin shekarar 1963 wani likita mai suna Sidney Katz, shi da abokan aikinsa a birnin Cleveland, suka fito da ma'auni na abubuwa shida da ake gane ko mutum na iya riƙe kansa da su, watau wanka, da sa tufafi, da zagayawa bayan gida, da tashi daga gado zuwa kujera, da iya riƙe fitsari da bahaya, da cin abinci. Wanda ya gaza a wasu daga cikin waɗannan shi ne mai bukatar doguwar jinya.

Ya kamata a bambanta mai jinyar gida da nas. Nas ta yi karatu mai zurfi, ita ke yin allura da wankin babban miki, kuma zuwanta gidan mara lafiya na ɗan lokaci ne. Mai jinyar gida kuwa ita ke wuni tare da shi. Ita ke juya wanda ba ya iya motsi a kai a kai domin kada gyambon kwanciya ya kama shi, ita ke kawar da abin da zai sa tsoho ya yi tuntuɓe, kuma sau da yawa ita ce ta farko da ke lura cewa yau bai ci abinci ba, ko ƙafarsa ta kumbura, ko maganarsa ta sake. In ta sanar da nas da wuri, sai a tare ciwon tun bai kai ga kwanciya asibiti ba.

TUSHEN AL'AMARIN A INGILA

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, jinya a Ingila da Amurka aikin matan gida ne. Mai hali yakan ɗauki baranya, a kudancin Amurka kuma bayi mata ne ke jinyar iyayengijinsu. Talakan da ba shi da kowa sai a kai shi gidan gajiyayyu, inda ake cakuɗa tsofaffi da marayu da masu taɓin hankali, kuma mutane na tsoron wannan gida ƙwarai.

Cikin shekarar 1859 matar wani attajirin birnin Liverpool mai suna William Rathbone ta rasu bayan jinya a gida. Ganin irin sauƙin da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Mary Robinson ta kawo wa matarsa, sai ya ɗauke ta aiki na wata uku domin ta riƙa shiga gidajen matalauta tana jinyarsu. Da abin ya yi amfani, ya nemi shawarar Florence Nightingale, ita kuwa ta ba shi shawarar ya kafa makarantar horar da masu jinya. Aka buɗe makarantar a babban asibitin birnin cikin 1862, aka kuma raba garin gunduma 18, kowace da mai jinyarta. Daga baya kuɗin da matan Ingila suka tara domin bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 50 a gadon sarauta, cikin 1887, su aka yi amfani da su wajen kafa cibiyar horar da masu jinyar gunduma ta ƙasa baki ɗaya.

Wannan tsari ya ƙetare teku. Cikin 1893 Lillian Wald da Mary Brewster suka tare a unguwar baƙin haure matalauta ta birnin Niyok suna bi gida gida suna jinya, aikin da ya shahara da sunan titin Henry inda suka kafa mazauninsu. Cikin 1909 Wald ta shawo kan kamfanin inshora na Metropolitan Life ya riƙa biyan kuɗin ziyarar masu jinya ga waɗanda suka yi inshora da shi, bisa hujjar cewa in mutane suka daɗe a raye kamfanin ne zai ci riba. An fi shekara 40 ana wannan tsari.

DAGA MAI AIKIN GIDA ZUWA MAI JINYA

Ba a daɗe ba sai ƙwararrun masu jinya suka gane cewa aikinsu shi kaɗai bai wadatar ba. In nas ta wanke miki ta tafi, ɗaki na nan da datti, tukunya ba kowa a kanta, yara ba mai kula da su. Saboda haka ƙungiyoyin taimakon jama'a suka fara aika mata su riƙe gida a lokacin da uwa ke kwance. Wata ƙungiyar taimako ta Yahudawa a birnin Filadelfiya ta tsara irin wannan aiki cikin 1923, manufarta kuwa ita ce kada a watsa yara gidajen marayu saboda rashin lafiyar uwarsu.

Hukuma ta fara shigowa ne a zamanin karayar tattalin arzikin da ta soma cikin 1929. Gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar samar da aikin yi cikin 1935, kuma ɗaya daga cikin ayyukan da ta ƙirƙiro wa mata marasa aiki shi ne shiga gidajen mabukata su yi shara da girki da jinya. A birnin Niyok yawancin waɗanda aka ɗauka baƙaƙen fata ne da suka saba aikatau a gidajen Turawa. Masana tarihi biyu, Eileen Boris da Jennifer Klein, sun nuna cikin littafinsu na 2012 cewa tun daga nan aka ɗauki wannan aiki tamkar hanyar rage wa hukuma nauyin matalauta ta fuska biyu: a sa matalauciya ta yi jinyar matalauci da lada kaɗan, a rage kuɗin tallafi, a kuma rage cunkoso a asibiti.

A daidai wannan lokaci ne aka kafa manyan dokokin ƙwadago na ƙasar. Dokar fansho da tallafin tsofaffi ta 1935, da dokar kafa ƙungiyoyin ƙwadago ta wannan shekara, duk sun ware masu aikin gida da leburorin gona. Dokar 1938 wadda ta tsayar da mafi ƙarancin lada, santi 25 a awa, ita ma ba ta haɗa da masu aikin gida ba. Masana tarihi da dama sun danganta wannan da matsin lambar 'yan majalisa na jihohin kudu, inda waɗannan ayyuka biyu suke hannun baƙaƙen fata. Har wa yau dokar 1935 ta hana biyan tallafin tsufa ga mazauna gidajen gajiyayyu na hukuma, domin a kashe waɗannan gidaje. Abin da ya biyo baya shi ne 'yan kasuwa suka riƙa buɗe gidajen kula da tsofaffi na kuɗi.

SHIGOWAR INSHORAR GWAMNATI

Cikin shekarar 1900 ba a sa ran jaririn da aka haifa a Amurka zai wuce shekara 47 a bisa matsakaicin lissafi, kuma waɗanda suka kai shekara 65 ba su wuce kashi 4 cikin 100 na jama'a ba. Da aka sami ruwa mai tsabta da rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sai wannan adadi ya kai wajen shekara 68 cikin 1950. Cututtukan da ke kisa farat ɗaya suka ragu, masu daɗewa a jiki kamar ciwon zuciya da ciwon sukari da sankara suka yawaita, gadajen asibiti suka cika da waɗanda likita ba shi da sauran abin da zai yi musu. Cikin 1947 asibitin Montefiore na Niyok, ƙarƙashin Dokta E. M. Bluestone, ya gwada mayar da irin waɗannan marasa lafiya gida, ana bin su da likita da nas da mai taimakon aikin gida. Aka tarar kuɗin ya yi ƙasa da na gadon asibiti nesa ba kusa ba.

Ranar 30 ga Yuli 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa shirye-shirye biyu: Medicare, watau inshorar lafiya ta waɗanda suka kai shekara 65, da Medicaid, ta marasa galihu, wadda gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinta. Cikin wannan doka ne sunan mai taimakon jinya a gida ya shiga harshen hukuma. Sai dai Medicare an tsara ta ne domin ciwo mai wucewa: tana biyan mai jinyar gida na ɗan lokaci kawai, ga wanda ba ya iya fita, wanda kuma likita ya tabbatar yana bukatar nas ko mai gashin ƙashi. Tsohon da bukatarsa wanka da abinci ne kurum na shekara da shekaru, ba ya ciki. Bisa ga haka nauyin doguwar jinya ya faɗa kan Medicaid, ita kuwa ba a samunta sai mutum ya talauce ko ya cinye abin da ya tara. Daɗin daɗawa, doka ta wajabta wa jihohi biyan kuɗin gidan kula da tsofaffi, amma yawancin hidimar jinyar gida ta bar musu zaɓi. Wannan ya sa kuɗi suka kwarara wajen gine-gine, aka riƙa raba tsofaffi da gidajensu ko ba su so.

GWAGWARMAYAR KOMAWA GIDA

Naƙasassu da iyalansu su ne suka juya akalar wannan al'amari. Wata yarinya mai suna Katie Beckett, 'yar jihar Iowa, ta kamu da ciwon kumburin ƙwaƙwalwa tana jaririya, ta yi kimanin shekara uku a asibiti da na'urar taimakon numfashi. Likitoci sun ce za a iya kula da ita a gida, amma ƙa'idar Medicaid ta ce in ta koma gida za a lissafta albashin iyayenta, tallafin ya yanke, alhali kuɗin asibitin ya kai kimanin ninki shida na kuɗin gida. Shugaba Ronald Reagan ya kawo maganarta a taron 'yan jarida cikin Nuwamba 1981, aka ɗage mata ƙa'idar, ta koma gida. Cikin wannan shekara kuma majalisa ta ba jihohi damar neman izinin kashe kuɗin Medicaid a kan jinyar gida ga wanda da ba don haka ba sai an kai shi gidan kula da tsofaffi.

Cikin 1987 majalisa ta wajabta horo ga masu jinyar gida da ke aiki da kamfanonin da Medicare ke biya. Ƙa'idar da aka fitar ta tsayar da awa 75 na horo, 16 daga ciki na gwaji a aikace, da ƙarin awa 12 kowace shekara. Sa'an nan cikin Yuni 1999 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Olmstead, wadda mata biyu, Lois Curtis da Elaine Wilson, suka kai jihar Jojiya. An ci gaba da tsare su a asibitin masu taɓin hankali bayan likitoci sun ce za su iya zama cikin jama'a. Kotu ta ce killace naƙasasshe ba bisa larura ba wariya ce da dokar kare naƙasassu ta 1990 ta haramta. Sannu a hankali ma'auni ya rinjaya: cikin 2013, karo na farko, abin da Medicaid ta kashe a kan jinya a gida da cikin unguwa ya zarce abin da ta kashe a gidajen killacewa.

MATSALAR LADA

Ga alama nasara ta samu, amma fa an gina ta ne a kan arhar ƙwadago. Cikin 1974 majalisa ta gyara dokar 1938 ta shigar da masu aikin gida, sai dai ta ware masu taya tsoho ko mara lafiya zama, tana nufin irin maƙwabciyar da kan zo ta ɗebe masa kewa. Da Ma'aikatar Ƙwadago ta zo fassara wannan cikin 1975, sai ta faɗaɗa shi har ya haɗiye masu jinyar da kamfanoni ke ɗauka aiki. Ta haka mace mai ɗaga ƙato daga gado tana wanke shi awa goma sha biyu a rana ta zama 'yar taya hira a idon dokar tarayya, ba ta da haƙƙin mafi ƙarancin lada, ba ta da na ƙarin lokaci.

Wata 'yar asalin Jamaika mai suna Evelyn Coke, wadda ta fi shekara 20 tana wannan aiki a jihar Niyok, takan kwana a gidan mara lafiya ba a biya ta ladan ƙarin lokaci ba, ta kai kamfaninta ƙara cikin 2002. Magana ta kai Kotun Ƙoli, cikin Yuni 2007 alƙalai tara duka suka ce fassarar ma'aikatar tana bisa doka. Hukumar birnin Niyok na cikin waɗanda suka goyi bayan kamfanin, bisa hujjar cewa biyan ƙarin lokaci zai ɗora mata nauyin da ba ta iya ɗauka. Coke ta rasu cikin 2009, bayan ita kanta ta zama mai bukatar jinya. Gwamnatin Shugaba Barack Obama ta sake ƙa'idar cikin 2013, ta fara aiki cikin 2015 bayan wata shari'ar, amma cikin 2025 Ma'aikatar Ƙwadago ta gabatar da shawarar komawa ga ƙa'idar 1975.

Haɗa kan waɗannan ma'aikata abu ne mai wuya, domin kowace tana aiki ita kaɗai a gida dabam, kuma sau da yawa ba a san takamaiman maigidanta ba, ko jiha ce, ko kamfani, ko mara lafiyar da kansa. A Kalifoniya sai da aka kafa hukumomi na musamman da za su tsaya a matsayin masu ɗaukar aiki, sa'an nan cikin 1999 masu jinyar gida 74,000 na gundumar Los Angeles suka jefa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago.

Ƙidayar 2020 ta nuna waɗanda suka kai shekara 65 a Amurka sun kusa miliyan 56, watau wajen kashi 17 cikin 100. Cikin 2023 masu jinyar gida da masu kula da naƙasassu sun haura miliyan 3 da rabi, matsakaicin abin da suke samu a shekara dala 33,530, alhali na dukkan ma'aikatan ƙasar dala 48,060. Fiye da kashi 80 cikin 100 mata ne, kusan ɗaya cikin uku kuma ba a ƙasar aka haife su ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya da Gana da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ƙarancin lada da ciwon baya da rashin tabbacin awoyin aiki kan sa da yawa su bar aikin, tsoho kuwa ya wayi gari da baƙuwar fuska a ɗakinsa. Annobar korona da ta ɓarke cikin 2020, wadda zuwa farkon 2022 ta kashe mutum fiye da 200,000 daga mazauna da ma'aikatan gidajen doguwar jinya, ta ƙara wa iyalai son riƙe tsofaffinsu a gida, ta kuma fito da ƙarancin masu yin aikin a fili.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata ana iya fahimtar cewa sana'ar jinyar gida ta taso ne daga tushe biyu, watau aikin nas mai daraja da aikatau wanda ake rainawa, kuma doka ta daɗe tana auna ta da ma'aunin aikatau. Wasu ƙasashe sun bi hanya dabam. Jamus ta kafa inshorar doguwar jinya ta dole cikin 1995, Japan ta bi sahu cikin 2000, inda kowa ke fara biya daga shekara 40, ba sai mutum ya talauce kafin a taimake shi ba. Ingila kuwa ta buɗe ƙofar ɗauko masu jinya daga ƙetare cikin Fabrairu 2022, 'yan Nijeriya na cikin waɗanda suka fi yawan amsa kira, sa'an nan ta rufe ɗaukar sababbi daga waje cikin Yuli 2025.

A ƙasar Hausa jinya har yanzu nauyin dangi ce, galibi mata da 'ya'ya mata da surukai, kuma ko a asibiti ɗan jinya ne ke kwana a gefen gado. Amma abubuwan da suka raunana wannan tsari a wasu ƙasashe, watau ƙaura zuwa birane da fitar mata aiki da yawaitar hawan jini da ciwon sukari, sun riga sun bayyana. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Nijeriya cikin 2018. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗaliban da ke nazarin al'umma da ma'aikatan da za su tsara dokoki suna da tambayoyi uku a gabansu waɗanda Amurka ta yi jinkirin amsawa: wane horo za a ba mai jinyar gida, wa za a ɗauka a matsayin maigidanta a gaban doka, kuma daga wace taska za a biya ta.